"Call a spade a spade": ma'anarta, asalinta da yadda ake amfani da ita

Duk mai karanta jaridun Turanci ko sauraron muhawarar 'yan siyasa ya sha cin karo da wannan magana. Mutum zai gyara zama ya ce, "Let us call a spade a spade," daga nan sai ka ji ya saki kalmar da kowa a wurin yake ta kauce wa. Idan aka bi ta kalma da kalma, cewa take a kira shebur da sunan shebur. Abin da ake nufi kuwa shi ne a ambaci abu da sunansa na ainihi, ko da sunan ba daɗin ji, maimakon a lulluɓe shi da wani suna mai taushi don kada ran wani ya ɓaci.

Gwajin suna biyu

Kafin ka sa ta a magana ko a rubutu, yi wa kanka tambaya ɗaya: abin nan da zan yi magana a kansa, yana da suna biyu? Dole a samu sunan da ake fakewa da shi, da kuma sunan da ake gudu. In babu su biyun, wurin ba nata ba ne.

Ɗauki taron ƙungiyar 'yan kasuwa. An duba littafin ma'aji, naira 400,000 sun yi ɓatan dabo. Shugaba ya tashi ya ce an samu "ɗan giɓi a lissafi." Sakatare ya ce "akwai abubuwan da ba su daidaita ba." Kowa ya sunkuyar da kai, domin ma'ajin surukin shugaba ne. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu daina kewaye-kewaye. Wannan ba giɓi ba ne, sata ce." Abin da dattijon nan ya yi shi ne ainihin *calling a spade a spade*. Bai kawo wani sabon labari ba, kowa ya san abin da ya faru. Suna kawai ya canza: ya cire "giɓi" ya sa "sata."

Irin waɗannan tagwayen sunaye sun cika harkokin yau da kullum. Ana cewa "na goro" ko "na shan ruwa" alhali cin hanci ne. Kamfani ya ce ya yi "gyaran farashi" alhali ƙari ya yi. A ce an "sake fasalin ma'aikata" alhali kora aka yi. A ce ɗalibi ya samu "taimako" a ɗakin jarrabawa alhali satar amsa ce. Duk inda ka ga haka, maganar za ta zauna daram.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauke ta a matsayin lasisin baƙar magana. Wanda ya dubi abokin aikinsa ya ce masa wawa bai kira shebur da sunansa ba, zagi ya yi. Wanda ya tona asirin da ba wanda ya sani shi ma wani abu daban ya yi. Haka wanda ya faɗi ra'ayinsa kurum, kamar ya ce tuwon shinkafa ya fi na masara, babu wani suna da ya gyara. Bambancin yana da muhimmanci domin a Turanci maganar yabo ce a mafi yawan lokuta. Idan aka ce da mutum *she calls a spade a spade*, ana nufin ba ta rufa-rufa, ana iya dogara da abin da ta faɗa. Akwai ɗan ƙamshin cewa ba ta da lallashi, amma yabon ya rinjayi sukar.

Asalinta: komin shayar da dabbobi ne, ba shebur ba

Abin mamaki shi ne a tushen maganar babu shebur ko kaɗan. Daga Girkanci ta fito, ta bi ta Latin, sannan ta shiga Turanci, kuma a kowane zango sai da kayan aikin ya canza.

Labarin ya faro ne daga Sarki Filibus na Biyu na Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, wanda ya yi mulki daga shekara ta 359 zuwa 336 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekara ta 348 ya ci birnin Olintus da ke arewacin Girka. Ba ƙarfi kaɗai ya ba shi birnin ba. Shugabannin mahayan birnin guda biyu, Lasthenes da Euthycrates, su suka ci amanar mutanensu suka miƙa wa Filibus dakarun da ke hannunsu. Filibus ya rushe birnin, ya sayar da mazaunansa bayi.

Marubucin Girka Plutarch, wanda ya rayu daga wajen shekara ta 46 zuwa bayan 119 miladiyya, ya kawo abin da ya biyo baya a cikin tarin maganganun sarakuna da shugabannin yaƙi da ya tattara. Lasthenes da mutanensa sun kai ƙara wurin Filibus cewa wasu na kusa da shi suna kiransu maciya amana. Sai Filibus ya amsa musu cewa ai mutanen Makidoniya ƙauyawa ne marasa wayewa, komi suke kiransa komi.

Tsaya ka dubi wannan amsa da kyau, domin a cikinta ma'anar take. A zahiri kamar haƙuri yake ba su, yana kushe mutanensa da rashin iya magana. A baɗini kuwa ya tabbatar musu da sunan: ku maciya amana ne, mutanena dai ba su iya sakaya zance ba. Ga gwajin suna biyu nan tun ranar farko. Lasthenes yana so a ce masa abokin sarki, sojoji suna ce masa maci amana. Wani abin dariya kuma, shi Filibus ɗin bai kira komi da sunansa ba, habaici ya yi, irin wanda Bahaushe zai ji ya ce wannan sarki ya iya gugar zana.

Kalmar Girkancin ita ce *skaphe*. Tana nufin abin da aka fafe cikinsa: komin ba dabbobi ruwa, akushin kwaɓa gari, har da ƙaramin jirgin ruwa. Mai jin Hausa ya fi Bature saurin gane wannan, domin "komi" namu ma haka yake, na shayar da dabbobi ne, kuma ana kiran jirgin da aka sassaƙa daga gungume da shi. Maganar kuma ba Filibus ya ƙirƙire ta ba, karin magana ce da Girkawa suka sani. Lucian, marubucin ƙarni na 2 miladiyya, da yake bayanin halin da ya kamata marubucin tarihi ya kasance da shi, ya ce ya zama marar tsoro, wanda ba a saye, mai kiran ɓaure ɓaure, komi kuma komi. Shi ma ya jingina maganar ga wani mawaƙin barkwanci da ya riga shi.

Zango na biyu shi ne Erasmus, malamin nan ɗan Rotadam ta ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1536. Ya shafe shekaru yana tattara karin maganar Girkawa da Romawa yana mayar da su Latin, kuma a 1531 ya fitar da tarin maganganun magabata da ya ɗebo mafi yawansu daga Plutarch. Da ya zo kan *skaphe* sai ya sa *ligo*, kalmar Latin da ke nufin abin haƙa ƙasa, wani abu tsakanin fartanya da diga. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A Girkanci "haƙa" shi ne *skaptein*, abin haƙa kuma *skapheion*. Komi da abin haƙa tushensu ɗaya: ɗaya shi ake fafewa, ɗaya da shi ake fafewar. Masana sun rabu a kan ko kuskure Erasmus ya yi ko da gangan ya zaɓi abin da masu karatunsa za su fi saurin gani a ido, amma mafi yawa kuskure suke ɗauka.

Zango na uku Ingila ce, zamanin Sarki Henry na Takwas. A 1542 Nicholas Udall, wanda ya taɓa zama shugaban makarantar Eton, ya fassara wani ɓangare na littafin Erasmus zuwa Turanci. Shi ya mayar da *ligo* zuwa *spade*. A fassararsa Filibus cewa ya yi mutanen Makidoniya ba su da basirar da za su kira *spade* da wani suna in ba *spade* ba. Daga nan ta kama hanya. Zuwa 1621 Robert Burton yana rubuta "I call a spade a spade" yana kwatanta salon rubutunsa, alamar cewa ta riga ta zama magana sananniya, ta kuma juye daga kushe ƙauyawa zuwa abin da marubuci ke alfahari da shi.

Saboda haka komi ya zama fartanya, fartanya ta zama shebur, cikin fassara biyu kacal. Maganar da ke wa'azin a kira abu da sunansa, ita kanta an canza wa abin nata suna har sau biyu.

Ƙamshin ƙauyancin nan bai gushe gaba ɗaya ba. A wasan kwaikwayon Oscar Wilde na 1895, *The Importance of Being Earnest*, wata budurwa da ta tashi a karkara ta ce ita in ta ga shebur, shebur take kiransa. Abokiyar gardamarta 'yar birni ta mayar mata da cewa ita kam tana farin cikin ba ta taɓa ganin shebur ba, alamar ba a gida iri ɗaya suka taso ba. Har yau mai faɗin maganar yana ɗora kansa ne a matsayin mutumin da ba ya son iyayi da ƙaƙale.

Wane shebur?

A Hausa shebur ɗaya muke da shi, kalmar ma daga *shovel* muka aro ta. Turanci ya raba biyu. *Spade* bakinsa miƙaƙƙe ne, shimfiɗaɗɗe, mai kaifi, ana taka shi da ƙafa a yanka ƙasa, na haƙa ne. *Shovel* bakinsa ya fi faɗi, gefensa a lanƙwashe, na kwasar yashi ko tsakuwa ne. Sanin wannan zai taimaka maka ka gane wasan da Turawan Ingila ke yi da maganar in sun ce wani *calls a spade a bloody shovel*. Suna nufin ya wuce gona da iri, faɗin gaskiyarsa ta koma gatsali. Kalmar *bloody* ashar ce marar nauyi a Ingila, amma ashar ce, kada ka sa ta a takardar ofis. A Kenya da Yuganda kuma za ka ji an ƙara mata jela, a ce *call a spade a spade and not a big spoon*, wato kada a ce da shebur babban cokali. Wannan ƙarin na yankin ne, Baturen Ingila zai gane nufinka amma zai ji shi baƙo.

Yadda ake gina jimlar

Kalma ɗaya ce kawai ke motsi a cikinta, wato *call*. Ita ke ɗaukar lokaci da mai aikatawa: *call, calls, called, calling*. Sauran huɗun, *a spade a spade*, a daskare suke, ba a taɓa su.

Siffofi uku ne suka fi yawa. Na farko buɗe magana: *Let's call a spade a spade: this is theft.* Na biyu siffanta hali: *Our chairman calls a spade a spade.* Na uku tsokaci a farkon jimla: *To call a spade a spade, the project has failed.*

Kurakuran da masu jin Hausa suka fi yi suna da dalili, kuma in ka san dalilin ba za ka sake yi ba.

Na ɗaya shi ne cusa wata kalma a tsakiya. A Hausa muna cewa a kira abu *da* suna, saboda haka harshe yake neman abin da zai cike gurbin "da", sai ka ji *call a spade as a spade* ko *call a spade with a spade*. Aikatau *call* ba ya buƙatar gada. Abu biyu yake ɗauka a jere, kamar yadda ake cewa *They call him Musa*. Ka tuna da wannan jimla, ka sa *a spade* a gurbin *him*, ka sake sa *a spade* a gurbin *Musa*, shi ke nan.

Na biyu shi ne yar da *a*. Hausa ba ta da takwarar wannan ƙaramar kalma, shi ya sa take zubewa: *call spade a spade*, ko *call a spade spade*. Biyu ne, kowane *spade* da tasa. Ƙirga kalmomin da yatsa, in ba su kai biyar ba wani abu ya faɗi.

Na uku sauya kayan aikin. *Call a hoe a hoe* ko *call a shovel a shovel* ba karin magana ba ne, sai dai wasa, kuma na farkon yana iya jawo maka abin kunya domin a Turancin titi na Amurka akwai kalmar cin mutuncin mata mai irin wannan lafazi. Haka jam'i, *call spades spades*, ka bar shi.

Na huɗu, wanda ya fi ɓata rubutu, shi ne a yi alkawari a kasa cikawa. Mutum ya rubuta *Let's call a spade a spade*, mai karatu ya kasa kunne, sai abin da ya biyo baya ya zama *there are some challenges in the system*. An ɗaga tuta an koma kewaye-kewaye. Ƙa'idar ita ce kalmar da ake gudu ta fito a jimlar da ke biye, kuma ta zama suna guda mai nauyi: *theft, bribery, failure, a lie*. In ba ka shirya furta ta ba, kada ka buɗe da wannan magana.

Wajen furuci, *spade* gaɓa ɗaya ce, wasalinta irin na *made* da *paid*. Harshen Bahaushe yakan so ya raba baƙaƙen farko ya kuma mayar da *p* ta koma *f*, sai ta fito "sifed." Haɗe leɓɓa sosai a kan *p*, kada ka bar iska ta zurara. Kada kuma ka ja wasalin ya koma *speed*.

Game da yawan amfani: sau ɗaya a rubutu ɗaya ya isa. Tsohuwar magana ce da aka sha ji, editoci da yawa na ɗaukarta a matsayin wadda ta gaji. Ta dace da sharhin jarida, muhawara, taron aiki tsakanin tsara. Ba ta dace da takardar neman aiki ba, ko rahoton bincike, ko wasiƙar ta'aziyya. A wajen rasuwa sakaya zance shi ne ladabi a Turanci kamar yadda yake a Hausa. Wanda ya ce "ya riga mu gidan gaskiya" ba ɓoye wani laifi yake ba.

Inda za ka taka sawun ɓarawo

Wannan shi ne ɓangaren da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mai hulɗa da Amurkawa.

Turanci yana da *spade* biyu da ba su haɗa hanya ɗaya ba. Na haƙa tsohuwar kalmar Turanci ce tun kafin zamanin Udall da ɗaruruwan shekaru. Ɗayan kuma na karta ne, baƙar alamar nan mai kama da ganye mai tsini. Sunanta daga Italiyanci ya zo, inda *spada* ke nufin takobi, jam'inta *spade*. Daga baƙin wannan alama aka samu kwatancen *black as the ace of spades*, daga nan kuma a Amurka aka mayar da *spade* kalmar cin mutuncin baƙar fata. Ana samunta a rubuce da nufin baƙar fata tun shekarun 1920, ciki har da littafin Claude McKay na 1928, *Home to Harlem*.

Lissafin a fili yake. Karin maganar ta shiga Turanci a 1542, zagin ya bayyana kusan shekara 400 bayan haka, kuma daga wata kalma daban. Babu wariyar launin fata a asalinta. Masanin karin magana Wolfgang Mieder ya rubuta littafi sukutum a 2002 yana bin wannan tarihi. Sai dai mai sauraro ba ya yawo da ƙamus a aljihu. Abin da kunnensa ya ji shi zai ɗauka, kuma akwai Amurkawa da yawa, baƙaƙe da farare, da ke jin maganar da ƙaiƙayi.

Abin yi a aikace shi ne ka duba wa kake yi wa magana. A Najeriya, Ghana, Indiya da mafi yawan Birtaniya ana faɗinta ba tare da wani ya ɗaga gira ba. In kuwa saƙon imel ne zuwa jami'a ko kamfani a Amurka, ko taron intanet da Amurkawa a ciki, canza ta. In zancen ya shafi launin fata, ko ana magana a kan wani baƙar fata takamaimai, to ko'ina kake ka bar ta, ko da kai ma baƙi ne. Kada kuma ka taɓa raba kalmar da jimlarta ka ɗora wa mutum. *He is a spade* ba ya nufin mai gaskiya ne, zagi ne tsagwaronsa.

Madadinta suna da yawa kuma ba su da wannan matsala. *To put it plainly* da *let's be frank* suna buɗe magana. *Call it what it is* ita ce mafi kusa da ma'anar, domin ta riƙe batun suna. *She doesn't mince words* tana siffanta hali. *Tell it like it is* ta Amurkawa ce, ta fi dacewa da hira. Kishiyoyinta kuma su ne *beat about the bush*, wato kewaye-kewaye, da *sugar-coat*, wato shafa wa magana zuma.

Kada ka ruɗe da wasu maganganu biyu masu kama da ita. *In spades* daga karta ta fito, tana nufin da yawa, ninki-ba-ninki. *Spadework* daga na haƙa ta fito, tana nufin wahalar share fage kafin babban aiki. Ba ruwansu da faɗin gaskiya.

Mayar da ita Hausa

Fassarar kalma da kalma ita ce mafi muni. "Mu kira shebur shebur" zai sa mai sauraron rediyo ya ɗauka zancen gini ake. Dubi aikin da maganar ke yi a jimlar, sannan ka zaɓa.

In buɗe magana take, wato *let's call a spade a spade*, ka ce "mu faɗa wa juna gaskiya," ko "mu daina kewaye-kewaye," ko "a bar kwana-kwana." In wurin na son karin magana, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" ta fi kowace dacewa, domin ita ma cewa take lokacin ɓoye-ɓoye ya wuce.

In hali take siffantawa, ka ce "ba ya rufa-rufa," "ba ya tauna magana," ko "mutum ne mai tsage gaskiya komai ɗacinta." Kula da nauyin kowace. "Bakinsa ba linzami" magana ce ta suka, ta fi dacewa da mai *bloody shovel*. In ka sa ta a inda Bature ya yi yabo, ka juya masa magana.

"Fede biri har wutsiya" tana jan hankalin masu fassara, amma ba daidai take da ita ba. Mai fede biri bayani yake yi dalla-dalla, ya fito da duk abin da ke ciki bai rage komai ba. Mai kiran shebur da sunansa kalma ɗaya yake gyarawa. Wanda ya karanta wa taro duk rasiɗan ma'aji ɗaya bayan ɗaya ya fede biri. Dattijon da ya ce "sata ce" aikinsa daban.

In kuma batun sunan ne kansa ake jayayya a kai, kamar a sharhin da ke cewa a daina kiran abu "rikici" alhali kisa ne, to ka fassara ta a fili: "a kira abu da sunansa." Larabci ma haka yake yi, yana cewa a ambaci abubuwa da sunayensu.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Chadi sun fi sanin takwararta ta Faransanci, *appeler un chat un chat*, wato a kira kyanwa kyanwa. Mawaƙi Boileau ne ya shahara da ita a wata waƙar zambo da aka buga a 1666, inda ya ce shi kyanwa yake kiranta kyanwa, Rolet kuma ɗan damfara. Rolet wani lauya ne na zamanin da aka sani da rashin gaskiya. Mutanen Sifen kuma burodi suke kira burodi, giya giya. Mai fassara tsakanin Faransanci da Turanci zai iya musanya kyanwa da shebur kai tsaye, ma'anarsu da nauyinsu ɗaya, illa dai kyanwar ba ta ɗauke da matsalar Amurka.

A ɗakin jarrabawa

Jarrabawar Turanci ta WAEC, NECO da JAMB tana da tambayoyin da ake ba da jimla a ce ka zaɓi ma'anarta. In wannan magana ta fito, zaɓuɓɓukan ruɗu kusan iri uku ne. Akwai na zahiri, mai zancen noma ko kayan aiki, wannan ka soke shi nan take. Akwai mai cewa mutumin ba shi da ladabi ko yana zagin mutane, wannan shi ke kama ɗalibai domin yana kusa. Akwai mai cewa yana yawan magana ko yana maimaita kansa, saboda an ga *spade* sau biyu. Amsar da kake nema ita ce mai ɗauke da *frankly*, *plainly* ko *directly*.

In kuma *not* ko *refused* ta shigo, juya amsar. *The minister refused to call a spade a spade* ba ta nufin ministan ya yi ƙarya, ba ta kuma nufin ya yi shiru. Ya yi magana, mai yiwuwa ma doguwa, amma ya kauce wa kalmar. Zaɓin da ya ce ya yi ta zagaye-zagaye shi ne daidai, ba wanda ya ce ya ƙi amsa tambaya ba.